Kikuno Mai Roƙon Ƙashi

Tun kafin motocin kifi su fara tashi daga bakin teku, Kikuno-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, ta riga ta fito. Bokiti a hannun hagu, sanda a na dama, tsumma a kafaɗa. Takan bi ta bayan cocinmu ta kama hanyar tudu, inda gwiwa ta ce a tsaya ta tsaya, har ta kai ɗan ɗakin nan mai gicciye a saman ƙofa, inda muke ajiye ƙasusuwan mutanenmu bayan an ƙona gawa, kamar yadda ake yi a ƙasar nan. Lokacin sanyi sai ta kwashe ƙanƙarar da ta toshe ƙofar tukuna. Lokacin ruwa ta share ganyen da ya taru. Sannan ta shiga ta bi tuluna ɗaya bayan ɗaya tana gogewa, tana gaishe su kamar a layin kanti ta tarar da su.

"Mitsue-san, an tashi lafiya? Jikarki ta sauka, namiji, kunnuwan gidanku sak. Tomoe, ƙanwarki har yau ba ta daina cika gishiri a miya ba."

Ni ce ƙanwar. Tomoe yayata ce.

Wani fasto ya taɓa ce mata, "Kikuno-san, ai ba sa ji."

Ta ce, "Sensei," wato Malam, "mijina ma da yana raye ba ji yake ba, ban fasa yi masa magana ba."

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin nan ya ga abin da nake nufi. A kantar ƙasa manyan tuluna ne, cikakku, na mazan ikilisiya. A kantocin sama ƙanana ne, kowane bai fi kofin shayi ba, kuma sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba. Waɗannan na mata ne. Babu ko ɗaya da danginsa suka kawo shi da kansu. Kikuno ce ta roƙo su, goshinta a ƙasa, a gaban mutanen da ba sa son ganinta.

Lahadin da ta wuce ɗanta Haruo ya zo ya ɗauke ta zuwa gidan tsofaffi a birnin Sendai, don ƙafarta ta daina ɗaukarta. An yi mata taron ban kwana. An yi jawabi. Abin da ya kamata a faɗa kuwa ba a faɗa ba, kuma abu ɗaya tak da ta roƙa wa kanta ba ta samu ba. To ga shi nan, kowa ya karanta.

Lokacin da Ragna-sensei, Baturiyar da ta kawo mana bishara, ta zo garin nan a kan kekenta, Kikuno sabuwar amarya ce a gidan Nitta, matar Genzo masunci. Aikin girki da wanki ta je yi wa Baturiyar, ta dawo da Yesu a zuciya. Su wa suka saurari bishara a garin nan? Mata. Maza suna teku, waɗanda ke tudu kuma suka ce coci harkar mata ce, kamar ajin ɗinki. Ragna-sensei ta zauna da masu tarin fuka lokacin da danginsu ke gudunsu, ta koya mana waƙa, Allah ya saka mata. Amma ta kafa doka: ba sa turare, ba sunkuya wa akwatin da ake gaida kakanni a kowane gida, ba kai wa matattu shinkafa. Ta faɗa ranar Lahadi, ta hau kekenta, ta koma gidan da babu kowa sai ita. Matan kuwa suka koma gidajen da uwar miji ke tsaye da ɗan kwanon shinkafar farko, tana jiran surukar gida ta kai gaban akwatin kamar yadda kowace suruka ke yi. Wadda ta sha mari ta sha, wadda aka daina yi wa magana aka daina.

Ragna-sensei ce ta gina ɗakin tudu. A tunaninta duk wanda aka yi wa baftisma nan za a kawo shi. Ba ta gane ba, har ta tsufa, cewa gawa ba ta mai ita ba ce, ta gida ce. Namiji Kirista shi ne maigida, abin da ya ce shi za a yi. Mace kuwa in ta rufe ido, miji ko babban ɗa ke da magana. A kira limamin haikalin addinin kakanni, ya yi karatunsa, ya ba ta sabon suna, a sa ta kabarin gidan miji kusa da uwar mijin da ta hana ta sakat. Ragna-sensei ta koma ƙasarsu ta mutu, tana kwance kusa da iyayenta, da sunanta, da ayarta a jikin dutse. Hoton kabarin yana rataye a zauren cocinmu, ciyawa kore shar.

Mitsue ce ta farko. Matar gidan Sakuraba ce, masu sayar da shinkafa, benci ɗaya suke zama da Kikuno. A gadon ciwonta ta kama hannun rigar Kikuno ta ce, "Kada ki bari su tafi da ni duka."

Ranar jana'iza faston lokacin ya je da Littafinsa. A bakin ƙofa aka tare shi, aka gode masa ƙwarai, aka maida shi, aka watsa gishiri a inda ya taka don a tsarkake wurin. Kikuno ba ta bi ta nan ba. Ta sa farar rigar girkinta ta shiga ta ƙofar baya kamar kowace maƙwabciya, don ba a korar hannun da ya zo fere dankali. Ta dafa, ta wanke, ta goge, ta ɗauki butocin shayi ta bi dangi har gidan ƙona gawa. Ba ta ce uffan ba sai da aka turo tiren ƙarfe yana huci, dangi suka jeru bibbiyu da dogayen tsinkaye za su fara tsintar ƙasusuwa daga ƙafa. Nan ta ajiye buta, ta durƙusa a kan siminti gaban mijin Mitsue, ta kai goshi ƙasa.

"Maigida, ina roƙon alfarma."

Sakuraba ya dubi na kusa da shi. "Wannan ba mai shayi ba ce?"

"Ita ce, Maigida. Ƙashi ɗaya nake so. Ba na maƙogwaro ba, wannan naku ne da haikali. Ko na ɗan yatsa ne. Marigayiya ce ta ce in roƙa."

Ƙanen mijin ya ce, "Kifi ya ƙare a gidan Nitta ke nan, an koma ƙashi?"

Wasu suka yi dariya a cikin hannun riga. Sakuraba ya ce, "Tashi, baiwar Allah, kina ba mu kunya."

Ba ta tashi ba. Tire yana hucewa. Wasu dangin da ke jiran layi suna leƙowa ta ƙofa. Ma'aikacin wurin yana gyaran murya. A garin nan abin da mutum ba zai bayar don Allah ba, zai bayar don kada a gani. Sakuraba ya juya baya ya ce, "Ku ba ta ta tafi." 'Yar Mitsue ta ɗauki wani ɗan ƙashi da tsinke ta sa mata a hankici, da sauran ɗuminsa.

Daga ranar aikin ya zama nata. Ba wanda ya naɗa ta, ba a rubuta shi a jerin ayyukan ikilisiya ba. Da an ji wata cikinmu ta rasu, sai ka ga Kikuno tana ninke rigar girki. Wani gidan a ba ta, wani gidan a ɗaga ta a fitar kamar buhu. Akwai 'yan'uwanmu da ba su da tulu a tudu, sai dai ta ambaci sunansu in ta zo gurbin da ta bar musu. Gari ya raɗa mata suna, karen coci. Yara suka riƙa yi wa Haruo haushi a hanyar makaranta, suna zuba masa ƙayar kifi a takalmi. Genzo bai taɓa taka coci ba, amma bai hana ta ba. Shi ya ɗauki simintin da aka yi matakalar tudu a bayansa. In abokansa suka zolaye shi a bakin teku, sai ya ce, "Ku bar ta. Ran da kuka mutu ita za ta riga 'ya'yanku zuwa."

Sai gidaje suka gano farashinta. Na gani da idona, ranar da muka kai Yaya Tomoe. Uwar mijinta ta tsaya a kan Kikuno, hannu a ƙugu.

"Ba ku ne ke cewa turarenmu na shaiɗan ba ne? Kina son ƙashin gidan nan, ki fara gaida gidan. Ga turare can."

Kikuno ta miƙe, ta je gaban hoton Tomoe, ta tsunkuli garin turare da yatsu uku, ta ɗaga zuwa goshi, ta zuba a garwashi. Ina kusa da ita, na ga leɓenta. Addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama take yi. Tsohuwar ta matsa gefe. Da wannan tsunkulen na samu yatsan yayata. Da irinsa aka samu da yawa daga cikin ƙananan tulunan can.

Labari ya kai kunnen Dattijo Tsurumi, mai kantin magani, wanda ke riƙe da dokar Ragna-sensei kamar shi ya sauko da ita daga dutse. Aka kira zama. Aka sa mata kujera a tsakiya, maza suna kewaye.

"Kikuno-san, an gan ki."

"Ai ban ɓuya ba, Dattijo."

"Kin san abin da aka rubuta game da gumaka."

"Na sani. Ba gunki na gaida ba, Tomoe ce a hoton. Ku ma kun san ta, ita ke dafa muku wake ranar Kirsimeti."

"Ba gardama muka kira ki ba."

Suka hana ta Jibin Ubangiji sai ranar da ta tsaya gaban jama'a ta yi alkawarin ba za ta ƙara ba. Ba su hana ta wanke ƙananan kofunan jibin ba, wannan kam suka bar mata. Ana miƙa gurasa ta wuce ta gabanta, a tashi, ta tattara kofuna ta tafi famfo. Ta daure har sanyi ya shiga ya fita. Daga ƙarshe yunwar teburin Ubangiji ta fi ƙarfinta. Ta tashi wata Lahadi, ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ta yi alkawarin.

A bazarar nan zuciyar Genzo ta tsaya a cikin jirgi.

Aka yi masa jana'iza irin ta gidansu, da limami da karatu, dangi sun cika tabarma. Dattijo Tsurumi ya zo gaisuwa ya zauna can baya, inda zai ga kowa. Aka fara zagayawa da akwatin turare. Haruo, saurayi a lokacin, shi ne babban ɗa, shi ya fara. Ya tura wa uwarsa. Kikuno ta dubi garwashin. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa, ta sunkuya sosai, ta daɗe a sunkuye, sannan ta tura akwatin gaba ba ta taɓa shi ba.

Ƙanwar Genzo ba ta ko rage murya ba. "Ta sa wa kowace gawa a garin nan, ban da wanda ya ciyar da ita."

Haruo bai dubi uwarsa ba har aka tashi. Da kwanakin makoki suka ƙare ya sa aka sassaƙa sabon sunan ubansa a dutsen kabarin gida, a haikali, kusa da shi kuma na uwarsa, da jan fenti kamar yadda ake yi wa wadda mijinta ya riga ta, sai ta mutu a wanke jan. Sannan ya tattara ya tafi Sendai. Duk sanda Kikuno ta je cire ciyawa a kabarin Genzo sai ta ga gurbinta yana jiranta, da sunan da ba ta san shi ba.

Ba a yi wasu shekaru masu yawa ba sabon fasto ya zo. Wata Lahadi yana cikin wa'azi, a tsakanin wata magana da wata, ya ce ai sa turare a jana'izar dangi gaisuwa ce kawai, mutum ya sa, ya yi addu'arsa a zuci, Allah zuciya yake dubawa. Dattijo Tsurumi ya gyaɗa kai. Ba wanda ya waiwaya ya dubi Kikuno. Ba wanda ya je gidanta. Ba wanda ya rubuta wa Haruo ko layi ɗaya. Doka ta tashi kamar tururin tukunya, ta bar mace da ɗanta a rabe. Ita kuwa ta tashi ta tattara kofuna. Tsurumi yanzu yana kantar ƙasa, a babban tulu, cikakke, ba abin da ya ɓace masa. Kullum sai ta goge shi. In ta zo kansa takan yi shiru, amma tana gogewa har gindin tulun.

Kikuno-san, ke ce kika san sanyin simintin gidan ƙona gawa fiye da ma'aikatansa. Ke ce kika fere dankalin gidajen da suka watsa miki gishiri, kika koma kika fere musu na jana'iza ta gaba. Uwar ƙananan tuluna. Mu muna coci muna rera waƙar tashin matattu da murya mai daɗi, ke kina can kina tsinto mana su yatsa yatsa. Da kika sa turare muka ce kin yi zunubi, da kika ƙi sawa gari ya ce ba ki da zuciya, kuma duka biyun don mu kika yi. Ba ki taɓa cewa a biya ki ba, mu ma ba mu taɓa tunanin akwai abin biya ba.

To ga yadda Lahadin ta kasance. Yanzu ba ma cika benci biyu, kan kowa ya yi fari. Ba mu da fasto namu, wani matashi ke zuwa daga birni jefi-jefi, yaron kirki ne, ba a haife shi ba lokacin da aka yi duk wannan. Ya karanta jawabinsa. Ya gode wa Kikuno-san saboda furannin bagadi, da sharar coci, da wanke kofuna. Ya ba ta takardar yabo a cikin gilashi da kwalin alawar wake. Muka tafa.

Wajen shan shayi na ja shi gefe. "Sensei, ƙasusuwan fa?"

Ya ce, "Ai ranar farin ciki ce. Kuma ga ɗanta a zaune, kada a sosa wani wuri."

Haruo na zaune kusa da ƙofa, bai cire kwat ɗinsa ba, shayinsa ya huce a gabansa. Shi ma ya yi furfura, tafiyar Genzo ce da shi. Da lokaci ya yi ya ɗauki jakarta ya fita zauren takalma, ya jera mata nata, ya sunkuya zai sa mata. Mu duka muka fito rakiya. Sai Kikuno ta jingina sandarta a bango. Ta dafa katako, ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, muna jin ƙararsu. Ta kai goshi ƙasa a gaban ɗan da ta haifa.

"Maigida, ina roƙon alfarma."

"Inna, mene ne haka? Tashi, mutane na kallo."

"Ai sana'ata ke nan, a kalle ni. Ƙashi ɗaya nake so, Haruo-san. Ba yau ba, in ranar ta zo. Sauran duka ka kai wa ubanka, haƙƙinsa ne. Ko na ɗan yatsa ne, a kawo shi tudu. Da su na yi waƙa."

Mun saba ganin maza suna juya baya a daidai nan, su ce a ba ta ta tafi. Haruo bai juya ba. Ya gyara wandonsa ya durƙusa shi ma, suna fuskantar juna. Bai ɗaga murya ba.

"Na san durƙuson nan, Inna. Saboda shi aka yi min haushi har na gama makaranta. Wannan na yafe tuntuni, yarinta ce. Amma tsunkule ɗaya na turare. Baba bai taɓa roƙonki komai ba. Bai ce ki bar cocinki ba, bai ce ki kai shinkafa gaban akwati ba, Kaka na zaginsa yana kare ki. Tsunkule ɗaya, Inna."

"Na yi alkawari a gaban Allah."

"A gaban mai kantin magani kika yi."

Goshinta na nan a ƙasa.

"Ya daɗe a can shi kaɗai," in ji Haruo. "Ba zan kai masa ke da gibi ba. Ko ƙumba."

Sannan ya ɗago ya dube mu, mu da muka yi cirko-cirko da silifas a ƙafa. "Ku da kuka sa ta, da kuka canza ra'ayi, akwai wanda ya taɓa hawa haikali ya ce wa ubana a yi haƙuri?"

Ba wanda ya yi motsi. Fasto ya kafa wa safarsa ido.

Kikuno ta ɗago. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na ji, Maigida. Na gode da ka saurare ni." Abin da take faɗa ke nan a duk gidan da aka hana ta. Haruo ya sa hannu ya ɗaga ta, ya sa mata takalma, ya ɗaure mata gyale don akwai iska.

A bakin mota ta ce ya ba ta jakarta. Ta laluba ta fito da makullin ɗakin tudu, da wani ɗan farin tulu a naɗe cikin hankici. Babu komai a ciki. Ashe ta tanadi nata. Ta danƙa min su biyun.

"Makullin naki ne, tulun kuma na 'yar'uwarmu Setsu ne yanzu. Na je asibiti na gan ta, kwanciyar nan ba ta tashi ba ce. Ɗanta yana da taurin kai, amma yana jin kunyar matarsa, ki fara da ita. Ki shiga ta ƙofar baya. Kada ki ce komai sai tire ya fito. Kuma ki sa wani abu a gwiwa, kada ki yi irin wautata."

Na ce, "Kikuno-san, ke fa?"

Ta ce, "Ki rage gishiri, yayarki na kallonki." Haruo ya rufe ƙofa, suka tafi. Takardar yabon tana nan a kan kantar takalma, ba ta ɗauka ba.

Kada wani ya zo ya ce min Ubangiji ya san inda kowane ƙashi yake. Na sani. Ranar da za a busa ƙahon tashin matattu, Ubangiji ba zai nemi izinin limamin haikali ba, zai kira ta da sunan da ya san ta da shi, ta tashi. Ita ma ta fi mu sani. Ba tsoron ɓata take ba. So take ta jira a cikin 'yan'uwanta, kamar yadda kowa ke son ya jira jirgi kusa da nasa. Wannan kaɗai ta roƙa a duk tsawon hidimarta, kuma mu ne muka sa aka hana ta. Haruo ba mugu ba ne. Ɗa ne da ya ga an bar ubansa ba gaisuwa, ya riƙe. Ni ma uwa ce, da ɗana zai riƙe min haka ai da na ji daɗi.

Mun gode, Kikuno-san. Godiyar ta zo a makare, kuma ba ta kai nauyin yatsa ɗaya daga cikin waɗanda kika kawo ba. Allah ya sa hannun masu kula da ke ya zama mai taushi. Allah ya huce zuciyar ɗanki. Allah ya gafarta wa ikilisiyar da ta ci aikinki ta hana ki gurasa.

Ku kuma da kuke karantawa, a nan da sauran coci-cocin yankin nan, na san kowane coci yana da tasa Kikunon, tana can bayan famfo. Ku tambaye ta abin da take so tun tana iya faɗa. Kafin ku kafa doka a kan mace, ku tuna gidan da za ta koma da daddare ba naku ba ne. In kuma kun warware dokar, ku je ku faɗa wa wadda ta ɗauke ta.

Lahadi mai zuwa bayan sujada zan hau haikali, kabarin Genzo Nitta, da turare a jakata. Ba ciniki za ni ba, Haruo ba zai ma sani ba. Gaisuwa ce da aka hana mutumin kirki, za a kai masa. Duk mai uwa ko 'yar'uwa a kantocin sama, ya san inda zai same ni. Ranar da waya ta zo daga Sendai da labarin rasuwar Kikuno kuma, zan ninke rigar girkina in shiga jirgin ƙasa. Haruo ya ce ko ƙumba, na ji shi da kunnena. Ita ma an sha ce mata haka, ba ta tashi ba. Goshi ɗaya ba zai isa ba wannan karon. Mu da ta durƙusa dominmu muna da yawa, in har za mu zo.